Ƙari a zuciyar jariri, wa ya taɓa gani?

Maman Hanifa, Agege: Salam jama'a. Ƙanwata ta haihu sati biyu kenan, aka yi wa yaron hoton zuciya aka ga wasu ƙullutai a ciki, kuma bugun zuciyarshi wani lokaci sai ya riƙa gudu sosai. Likita ya ce wata cutar gado ce, tuberos isklerosis. Wallahi ba ma iya barci, kansa ce?

Baban Sadik, Idi-Araba: Hajiya ki kwantar da hankali, ba kansa ba ce. Rabdomayoma sunan ƙarin, kuma yawanci da kanshi yake motsewa cikin shekarun farko. Bugun ne abin sa ido, don ƙarin kan tare hanyar lantarkin zuciya, shi ya sa za su yi ta maimaita ECG (gwajin bugun zuciya), akwai kuma maganin daidaita bugun. Ku nemi likitan zuciyar yara a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas.

Anti Nas: Ku lura da farfaɗiya fa, ciwon yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. In ya fara zabura yana dunƙulewa, ko ya ƙi nono, ko leɓe ya yi shuɗi, asibiti kai tsaye. Ban da jiƙo da tsaga don Allah! Kuma kar a ɗora wa uwar laifi, ko da yake cutar gado ce, wajen kashi 2 cikin 3 na masu ciwon iyayensu ba su da shi.

Maman Hanifa: Na gode, Allah ya saka. Ranar Litinin za mu koma.