Me za mu kira "décor" na opera da Hausa?

Jama'a, ina neman kalma a kan opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa. Faransawa suna cewa décor, wato duk abin da ido ke gani a dandamali kewaye da 'yan wasa: fada, daji, kango, bakin teku. Wasu na rubuta "adon dandamali". Ni dai bai kwanta min ba.

Ga dalilina. A 1831 gidan opera na Paris ya nuna wasan Robert le diable na mai tsara kiɗa Meyerbeer, kuma Pierre-Luc-Charles Cicéri ne ya zana wurin da aka fi tunawa da shi: rusasshen gidan ibada cikin dare, ginshiƙai a jere suna nitsewa cikin duhu, ga kaburbura, ga farin wata. Farin watan nan fitilar gas ce, wadda ta shiga gidan a 1822. Zurfin ginin kuwa fenti ne a kan yadi da katako. Daga kaburburan ne matattun mata masu ibada suka tashi suna rawa. Ka cire wurin nan, wasan ya mutu. Ado kuwa ana cire shi abu ya zauna yadda yake, kamar kwalliyar zauren biki.

Shi ya sa na zaɓi "muhallin wasa". Wani ya kawo "fage", amma fage ƙasar da ake takawa ce. Ba zai ɗauki dutsen Vesuvius na Italiya da aka nuna yana aman wuta cikin wani wasan opera a dandamalin Paris a 1828 ba.

Sai zanen kansa. Mai zane kan fara da fensir da fentin ruwa a takarda, sannan ya yanka kwali ya tsayar da bango da itatuwa ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan akwati, don a ga zurfin kafin kafintoci su taɓa katako. Wannan ce Faransawa ke kira maquette. Ɗakin karatun Palais Garnier, gidan opera na Paris da aka buɗe a 1875, yana ajiye da irinsu, har da na mai zanen muhallin wasa Philippe Chaperon.

An ce min "taswira". A'a, taswira daga sama ake kallonta, wannan kuwa daga kujerar ɗan kallo aka zana shi. Na takarda mu ce "zanen muhallin wasa", na kwali "samfurin muhalli".

Na san muhalli yanzu ya fi tuna mana shara da dashen itatuwa. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuka yi boko da Faransanci, dekor kuke cewa ko akwai wata?