Log ɗin Exchange ya kusa cinye faifai: in goge ko in bari?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sabar imel ce mai Exchange 2016 (manhajar imel ta Microsoft), rumbun bayanai ɗaya, ba ta cikin DAG (rukunin sabobin da ke riƙe kwafin rumbun juna). Faifan log (fayilolin da ke rubuta duk canjin da aka yi wa rumbun) ya kusa cika, alhali Windows Server Backup na ɗaukar kwafin ajiya kowane dare. Zan iya goge tsofaffin fayilolin da hannu?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka taɓa su tukuna. Duk saƙon da ya shigo, a log ake fara rubuta shi, kowane fayil megabait 1, daga baya ya wuce cikin fayil ɗin .edb, wato rumbun kansa. Fayil ɗin E00.chk ne ke riƙe da inda aka tsaya. Ka goge wanda bai shiga ba, rumbun zai tsaya a Dirty Shutdown (wato ya rufe bai gama karɓar abin da ke cikin log ba) ya ƙi hawa, wato ya ƙi buɗewa.

Ina zargin irin kwafin da kake ɗauka. Buɗe saitin VSS (tsarin Windows na ɗaukar kwafi alhali fayiloli na aiki) a cikin jadawalin kwafin: in yana kan VSS copy backup, to nan matsalar take, domin wannan ba ya share log ko kaɗan. Mayar da shi VSS full backup, kuma ka haɗa faifan rumbun da na log a aiki guda. Da safe ka buga:

Get-MailboxDatabase -Status | fl Name,LastFullBackup

In kwanan watan bai motsa ba, Exchange bai san an ɗauki komai ba. Sai ka duba vssadmin list writers, ka ga ko Microsoft Exchange Writer na Stable ba tare da kuskure ba.

Amsa ta biyu: Na yarda da shi. Sai dai in faifan ba zai kai dare ba, kunna circular logging (saitin da ke sa Exchange ya riƙa share log ɗin da ya riga ya shiga rumbun) na ɗan lokaci da Set-MailboxDatabase <sunan rumbun> -CircularLoggingEnabled $true, sannan ka sauke rumbun ka sake hawar da shi, in ba haka ba saitin ba zai kama ba. Amma ka sani, muddin yana kunne, in faifan rumbun ya mutu iya kwafin ƙarshe za ka dawo da shi. Saƙonnin da suka shigo bayansa sun tafi. Da ka samu sarari, kashe shi ka ɗauki cikakken kwafi nan take.

Mai tambaya: Na duba, a kan copy yake. Na gode. To in rumbun ya riga ya sauka fa?

Amsa ta farko: Fara da eseutil, kayan duba rumbun Exchange da gyara shi: buga eseutil /mh a kan fayil ɗin .edb, ka karanta layin State da na Log Required. In fayilolin da ya lissafa suna nan, eseutil /r E00 zai sake zuba su. Ka nisanci eseutil /p, wato gyaran dole, sai in babu wata mafita, don shafukan da suka lalace yake yankewa ya zubar, tare da saƙonnin da ke ciki. Ka kuma cire fayilolin Exchange, na rumbun da na log, daga binciken manhajar kashe bairos, tana iya kama log ta killace shi.