Masu jinyar 'yan mazan jiya a gida, yaya kuke yi?

Abban Walida, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya shiga soja ta Depo ɗin nan na Zariya a 1967, farkon yaƙin basasa, bai ajiye kaki ba sai da ya kai samanja. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mu shida ya haifa, ni kaɗai nake gari, ni da maiɗakina muke ɗagawa mu kwantar. Ƙanena da ke Ingila ya ce can akwai gida a unguwar Chelsea da aka ware wa tsofaffin sojoji tun 1682, da abinci da masu jinya, wai mu nemi irinsa. Kwana uku ban ɗauki wayarsa ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, mun gaji. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari.

Maman Sadiq, Muciya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Shekara huɗu na yi jinyar surukina, kofur ne. Wanka da wanki ba su ne suka fi wuya ba, dare ne. Ƙarfe biyu sai ya farka yana kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba, yana cewa a kwanta ƙasa. Ranar da yara suka fasa nokawut a bakin ƙofa sai ƙarƙashin gado muka same shi, tsoho mai furfura. Mun yi ta rubutu da tofi. Daga baya likita ya ce abin da ya gani a fagen daga ne yake dawo masa, ya ba da magani, ya ce a daina kashe masa fitila. Ya ɗan samu barci. Kuma don Allah ka duba matarka, ita ma wani lokacin a bayi take kukanta.

Tsohon Sajan, Basawa:
Ɗana, bari mai abin ya yi magana. Na je Laberiya a 1990 da rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ECOMOG, na je Saliyo. Yanzu ciwon suga ya ci min yatsu biyu. 'Ya'yana ba su rage ni da komai ba, Allah ya yi musu albarka. Amma mutumin da ya shekara 35 begila na tashe shi, ya fita farati cikin ɗaruruwan maza, yau an ajiye shi a ɗaki shi da rediyo, ana leƙowa ana ce masa sannu. Wannan sannun tana cin rai. Ni ban yarda a kwashe ni daga gidana ba, a nan nake son a yi min sutura. Abin da nake so wuri ne da za a kai mu da safe, a auna jini, a yi wa masu shanyewar jiki gashi, mu yi hirar bariki da waɗanda suka san abin da muke faɗa, la'asar kowa ya koma gidansa. A 15 ga Janairu ana tuna mu, a sa mana fure a ƙirji. Sauran kwanakin shekara fa?

Ummu Hanif, Samaru:
Ma'aikaciyar jinya ce ni. Yaya, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a duba ƙugu da dunduniya. Gyambon kwanciya na kai tsofaffi asibiti fiye da yadda ake zato. Kada a bar gashin ƙashi don an ga kamar ba ya ci gaba.

Ɗan Kwarbai:
Ni dai ko da kuɗi ba zan kai ubana gidan gajiyayyu ba. Da wane ido zan dubi mutanen unguwa? Kakanmu ya je yaƙin Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo bayan 1945, a zauren gidanmu ya tsufa cikin jikoki har ya cika.

Maman Sadiq, Muciya:
Malam, lokacin kakanku mata nawa ne a gidan, samari nawa? Ni kaɗai ce, ga goyo. Ranar tantance 'yan fansho a bayan mota muka shimfiɗe surukina, muka wuni a layi, ya ɓata jikinsa a gaban mutane. Har ya rasu bai ƙara haɗa ido da ni ba. Da akwai inda zai wuni ko sau biyu a mako, wallahi da na kai shi, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Abban Walida, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Baba Sajan, na karanta wa mahaifinmu saƙonka. Da ya ji Basawa sai ya yunƙura, ya ce in tambaye ka wace bataliya ka yi. Wata takwas ke nan bai tambayi kowa komai ba. Idan ba damuwa, ranar Juma'a bayan an sauko zan zo da Keke Napep in ɗauke ka.