Abin da aka tsayar kan littattafan da ɗalibai ke haɗa wa 'yan firamaren ƙauyukan Jigawa

Jama'a, ga taƙaitawa:

1. Takardar A4 huɗu, a ninke biyu, shafi 16 ke nan. A ɗinke da allura da zare; ƙarfen maƙala takarda kan yi tsatsa da damina, shafukan tsakiya su zube.

2. 'Yan aji 1 da 2: jimla ɗaya a shafi, rubutu manya-manya. A duba ƙ, ɗ, ɓ kafin bugawa. Wata kwamfutar sai ta cinye ƙugiyar, ƙafa ta koma kafa.

3. Zane: rumbu, jaki, amalanke.

4. An rabu kan ajami. Wasu sun ce a sa shi ƙarƙashin boko, tunda yaran sun saba da allo. Wasu sun ce shafi zai cushe. Ni dai ina tare da na farko.