Neman kalmar Hausa: me za mu kira "sexual distress"?

Assalamu alaikum jama'a. Ma'aikatan asibiti da masu fassara da malaman Hausa da ke nan ku matso kusa, akwai abin da nake so mu tsayar masa da suna guda, wato abin da masu binciken lafiya ke kira sexual distress. Maganar akwai nauyin baki na sani, amma mata da maza na nan suna fama da ita a ɗakunansu, kuma sai da suna ake iya tambayar mutum balle a ce za a auna.

Yawancin waɗanda na tambaya sai su ce min ai "matsalar jima'i" ce kawai. A'a wallahi ba ita ba ce. Matsala ita ce irin su ƙarancin sha'awa, jin zafi lokacin saduwa, rashin gamsuwa. Sexual distress kuwa yadda abin ke cin mutum a rai ne. Wata sha'awarta ta ragu bayan haihuwa ko bayan ɗaukewar al'ada amma ko a jikinta, ita da maigidanta lafiya lau, wata kuma irin wannan raguwar ce ke hana ta barci tana ganin ita ce ta gaza. A wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2008 an tambayi mata sama da 31,000, kusan kashi 43 cikin 100 suka ce suna da wata matsala, amma waɗanda matsalar ke cin ransu kusan kashi 12 ne kawai. Kun ga tazarar ai. Shi ya sa ma a kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5 na 2013, ba a kiran abin cuta sai ya kai kimanin wata 6 kuma yana matuƙar taɓa ran mai shi.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne takardar tambayoyin da ake kira FSDS (Female Sexual Distress Scale), na Leonard Derogatis da abokan aikinsa, ya fito a 2002 da tambaya 12, a 2008 aka ƙara ɗaya kan ƙarancin sha'awa suka zama 13. Kowace tambaya ana ba ta maki daga 0 zuwa 4, ƙarshen maki 52, wadda ta samu 11 ko sama ana ɗauka abin ya kai a duba ta. Don mata aka yi shi tun farko, daga baya aka gwada shi a kan maza ma.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kusan kowa cewa yake a sa "damuwa". Malam da ya ce "damuwar jima'i" ta fi sauƙi a kunne, gaskiyarka, amma Allah ya ba ka haƙuri ban yarda ba. Damuwa mun riga mun ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, ciwon damuwa muke ce wa cutar nan ta baƙin ciki mai tsanani, damuwa muke ce wa tunanin kuɗin makarantar yara, har wanda ya cika ka da surutu ka ce ya dame ka. Kuma ku duba cikin takardar kanta, akwai tambayoyi huɗu da Turancinsu ya bambanta, distressed, stressed, worried da bothered, idan mai fassara ya yi sakaci duk huɗun damuwa za su koma, sai a zauna ana yi wa baiwar Allah tambaya ɗaya sau huɗu tana kallon nas ɗin tana cewa ai na faɗa miki ɗazu, kuma makin da za a tara a ƙarshe ba shi ne na gaskiya ba.

Ni shawarata ita ce ƙuncin rai. Ƙunci yana nuna matsi a ƙirji, abin da ya takura mutum ya hana shi sakewa, kuma takaici da zullumi da nadama duk suna iya shiga ƙarƙashinsa. 'Yar'uwar da ta ce mutane za su ɗauka ƙuncin rayuwa ake nufi, wato talauci da tsadar kaya, hanzarinki yana kan hanya, shi ya sa dole a riƙa haɗawa da "rai" kada a bar "ƙunci" tsirara. "Tashin hankali" ya yi zafi da yawa, sai ka ce duka ko fyaɗe ake magana. "Ɓacin rai" kuma yanki ɗaya ne kawai, akwai tambayar fushi daban a ciki.

Sai rabi na biyu na sunan, wato "sexual". A rubuce, cikin rahoto ko takardar bincike, jima'i ita ce kalmar, a littattafan fiƙihu ma ita ake karantarwa ba wanda ya ce an yi batsa. Ke nan sunan ya zama ƙuncin rai kan jima'i, takardar kuma ma'aunin ƙuncin rai kan jima'i. Amma a baki, lokacin da ungozoma ke karanta wa matar da ba ta yi boko ba, a ce mata "kwanciyar aure" ko "saduwa da maigida", don da ta ji jima'i daga bakin yarinya sa'ar 'yarta za ta ja mayafi ta rufe fuska, shi ke nan an gama.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce tambayar embarrassed. Don Allah kada a fassara ta da kunya. Kunya a wurinmu ado ce, tarbiyya ce, ka tambayi Bahaushiya "kina jin kunya kan wannan al'amari?" amsarta ita ce "kullum", wato matakin amsa mafi girma, ko da kuwa ba abin da ke damunta a gidanta, nan take ta ci maki 4 daga cikin 11 ɗin nan a banza. Abin da tambayar ke nema shi ne jin muzanta, irin wanda mai yoyon fitsari ke ji idan miji ya ƙaurace wa shimfiɗarta. Sauran suna da sauƙi, takaici, zargin kai, raina kai, jin gazawa, da-na-sani, zullumi, takura, fushi, duk muna da su a bakinmu.

Matakan amsa kuma ga yadda na jera: ko kaɗan, da wuya, jefi-jefi, sau da yawa, kullum.

Ba a nan za mu yanke hukuncin ƙarshe ba dai. Ƙa'idar fassara irin waɗannan takardu ita ce wani ya juya zuwa Hausa, wani daban da bai taɓa ganin na asalin ba ya mayar da ita Turanci a kwatanta, sannan a karanta wa mutanen da aka yi don su a ce su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu. Wannan mataki na ƙarshe shi nake roƙon masu aiki a ɗakin awo da ɗakin tazarar haihuwa su taimaka da shi, ku gwada "ƙuncin rai" da "muzanta" a kan matan da ke zuwa wurinku, a keɓe ba a gaban layi ba. 'Yan'uwanmu na Sakkwato da Maraɗi da Damagaram ku ma ku faɗa mana yadda kalmomin biyu ke sauka a kunnen mutanenku.