Yaya ake mayar da memwar na Masta ya zama maƙalar mujalla?

Ɗalibar Marwa:
Assalamu alaikum malamai. Memwar ɗina, wato kundin binciken Masta, a kan dawar muskuwari (dawar rani da ake dasawa) shafi 90 ne, mujallun kimiyya kuwa ba sa karɓar irin wannan tsawo. Wane tsari zan bi, me kuma zan zubar?

Malami daga Gaundare:
Wa alaikumus salam 'yata. Gaɓoɓi huɗu ne, waɗanda ake taƙaitawa da IMRaD: gabatarwa, hanyar bincike, sakamako, tattaunawa. Babin bitar ayyukan magabata shi zai fi shan aski, ya koma sakin layi uku ko huɗu a gabatarwa, ki rufe da tambaya ɗaya tak da maƙalar za ta amsa.

Hanyar bincike kuwa kada ki yi mata rowa, don a nan masu tantancewa suka fi mayar da aiki. Faɗi inda gonar take, irin karal ɗin (ƙasar laka da ake dasa muskuwari a kai), wane iri kika dasa, safrari ko majeri, ranar dashe (a arewacin Kamaru galibi Satumba zuwa Oktoba ne), tazarar da ke tsakanin ramuka, sau nawa aka maimaita kowane fuloti, da manhajar lissafi, R ce ko SPSS. Manufa ita ce wani a Abeche ta ƙasar Chadi ya iya maimaita gwajin ba tare da ya neme ki ba.

Injiniyan gona, Garwa:
Ƙanwata, kada ki cakuɗa sakamako da tattaunawa. A sakamako abin da kika auna kawai: matsakaici, bambancin da ke kewaye da shi, adadin samfuri, da ƙimar p (lambar da ke taimaka a gane ko bambancin da aka gani ba na dace ba ne kawai). Dalilin da ya sa wani iri ya fi wani, da kwatanta shi da abin da masu binciken IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, suka samu, duk na tattaunawa ne. Amfanin gona a rubuta shi kilo a hekta, ba buhu ba, tunda wani buhu ya fi wani. Kuma abin da ke cikin tebur kada a sake jero shi cikin rubutu.

Hajiya mai ɗakin karatu:
Taƙaitawa a ƙarshe ake rubuta ta, galibi kalma 150 zuwa 250, da lambobin sakamako a ciki. Mujallu da yawa na nan Kamaru suna son ta da Faransanci da Ingilishi. Ki sa manhajar Zotero ta jera miki manazarta. Mujallar da ta ce ki biya a buga miki cikin mako guda kuwa, ki tambayi malamin da ke duba aikinki kafin ki tura ko sisi.