Ina zan kai yara su ƙaru ba tare da kashe kuɗi da yawa ba?

Assalamu alaikum iyaye mata, dan Allah ku bani shawara. Yarana uku a gida nake koyar dasu tunda kuɗin makaranta ya fi ƙarfinmu, safe boko yamma islamiyya, to yanzu sun gaji da zaman ɗaki wallahi, babban ma da ya ga littafin lissafi sai hamma. Na kaisu Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, mun hau Dutsen Dala, Gidan Zoo kuwa kuɗin adaidaita kaɗai ya isheni. Ina kuma ya rage a Kano mai sauƙi? Sannan tsofaffin littattafan firamare 4, a Sabon Gari ake samu ko ina? Data bata isarmu kallon YouTube kullum.